Abin da Serah Ta Hana a Cire

Duk wanda ya saba sayen lemo a kasuwar Zuba ya san rumfar Serah, can kusa da inda manyan motocin Binuwai ke sauke kaya. Mutuniyar Yangoji ce, doguwa, ba ta da yawan magana. A wurin sauke kayan nan ta haɗu da Leonard, direban ɗaya daga cikin motocin, wanda kullum sai ya ware mata buhun da bai sha matsa a hanya ba. Suka yi aure, suka kama ɗaki a bayan kasuwa. Shekara ta bi shekara, haihuwa shiru. Leonard ba ya tada zancen, sai dai in sun dawo daga coci ya ga 'ya'yan maƙwabta na guje-guje ya ce, "Namu suna hanya, lodi ne ya yi musu yawa."

Sai ƙaddara ta faɗa musu. Wata rana yana gangarowa da kaya birki ya ƙwace, ya take wani ɗan acaɓa, mutumin ya rasu nan take. Leonard bai gudu ba, kuma a gaban alƙali bai musa cewa ya san birkin yana ba shi matsala tun kafin ya taso ba. Aka yanke masa shekaru a gidan yarin Kuje.

Tun daga nan rayuwar Serah ta kasu biyu: ranar ziyara, da jiran ranar ziyara. Takan kirɓa sakwara da sassafe, ta yi miyar agushi yadda yake so, ta hau mota. A can za su zauna da tebur a tsakaninsu, gandiroba na tsaye, ya tambaye ta farashin lemo, ta tambaye shi ciwon bayansa. Sai ta fito ta hau mota ta tuna duk abin da ta so faɗa masa. Abin da ta fi kewa ma ba wani babba ba ne. Ƙarar hon ɗinsa ce in ya shigo kasuwa, wadda take ganewa ko cikin motoci ɗari.

A shekara ta biyu jikinta ya fara canjawa. Jinin al'ada ya riƙa zuwa kamar an buɗe famfo, ya ƙi ɗaukewa da wuri. Tafin hannunta ya yi fari fat. Sannan cikinta ya soma tasowa, ya yi tauri, har zani ya daina rufa mata asiri. Matan kasuwa suka fara kallonta ta gefen ido. Miji a Kuje, ciki a Zuba. Cikin da ta yi shekaru tana roƙon Allah, ga kamanninsa ya zo mata babu kowa a ciki, sai abin kunya.

A wani ƙaramin asibiti aka yi mata hoto, aka ce ƙari ne ya fito mata a mahaifa, har guda uku. Likitan ya ce mafi sauƙi a yanka a cire mahaifar gaba ɗaya ta huta. Serah ta ɗauki jakarta ta fita ko sallama babu.

Haka ta ci gaba da daurewa har ranar da jiri ya kwashe ta a kan tulin lemo. Mama Rosemary, mai rumfar da ke jikin tata, ita ta yayyafa mata ruwa, ta kuma ƙi sauraron "na ji sauƙi". Ta sa ta a mota sai wani babban asibiti a cikin gari, inda 'yarta ta taɓa yin aiki.

Likitar da suka samu sunanta Nabilah. Ta daɗe tana duba hoton kafin ta ce, "Madam Serah, me ya sa kika bari har jininki ya yi ƙasa haka?"

"An ce za a cire mini mahaifa, likita. Maigidana ba ya nan. In ya dawo ya tarar babu ita, me na ajiye masa?"

Likitar ta ajiye biro. Ta yi mata bayani a hankali cewa akwai aikin da ba a tsaga ciki. Za a yi 'yan ƙananan huji, ɗaya a cibiya, a hura iska cikin ya ɗaga, a zura siririyar kyamara da kayan aiki, ana kallo a allo ana ɓare ƙarin daga jikin mahaifar, a ɗinke ta a bar ta a wurinta.

"Amma ki ji ni da kyau," in ji ta. "Idan muka shiga jini ya ƙi tsayawa, dole mu buɗe cikin. Idan ranki ya zo kan gaɓa, zan cire mahaifar in bar ki da rai. Kuma ko aiki ya yi kyau, ban yi miki alkawarin haihuwa ba. Wannan na Allah ne."

Aka ƙara mata jini, aka sa ranar aiki. Zumuntar matan cocinsu ta tsaya mata da kuɗin aikin. Saura abu ɗaya: Leonard bai san komai ba.

Ranar ziyara ta bar mayafin da ta saba yafawa don ɓoye cikin. Da ta shigo idonsa ya sauka a kai, ya ɗauke, ya sake sauka. Bai taɓa abincin ba.

"Tun watan jiya na gani," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Na ce ba zan tambaya ba. Ni na bar ki ke kaɗai."

Serah ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. "Abin da ka ɗauke ni ke nan? Ciwo ne, Leonard. Ƙari ne."

Ta faɗa masa komai, da faɗuwarta a kasuwa, da maganar likita. Ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa na rawa. Da ya ɗago ya ce, "Ki yafe mini. Kuma ki gaya wa likitar, in ta ga da haɗari ko kaɗan ne, ta cire. Kada ta tsaya tunani."

"Ba ka son ɗa ke nan?"

"Ina so. Kullum ina ganinsa a nan ciki, har suna na ba shi. Amma ranar da za a buɗe mini ƙofar can, ke nake so in gani a tsaye."

Gandiroba ya ce lokaci ya yi. Ta miƙe da haushinsa da tausayinsa a cakuɗe, har ta kai tasha ba ta san wanne ya fi yawa ba.

Ranar aiki, abin da ta fara ji da ta farfaɗo shi ne ciwo a kafaɗa. Nas ta ce iskar da aka hura ce, zai wuce. Serah ta lallaɓa hannu ta shafa cikinta. Cikin ya faɗa, sai 'yan filasta ƙanana. Ba ta iya tambaya ba, ta dai kafe likita Nabilah da ido.

"Tana nan," in ji likitar. "Mun cire ukun duka. Sai dai ɗinkin yana buƙatar hutu, kada ki ɗauki ciki sai bayan wasu watanni."

Serah ta fashe da dariya har ɗinkin ya ja ta. "Likita, mai kawo cikin ma saura masa shekara biyu da wani abu."

Dariyar ce ta juye kuka. Ta haura shekara talatin da bakwai, ta kuma san mahaifa ba ta jiran kowa.

Kwana biyu aka sallame ta, ta wuce Yangoji gidan mahaifiyarta. An hana ta doguwar tafiya a mota tukuna, don haka da ranar ziyara ta zagayo Mama Rosemary ce ta je Kuje a madadinta. Serah ta wuni a ƙarƙashin mangwaro tana kallon hanya, waya a cinya. Sai da la'asar wayar ta yi ƙara, Mama Rosemary ce.

"Mama, me ya ce?"

"Me zai ce? Mijin naki ya zauna daɓas a ƙasa, sai da oga gandiroba ya ɗaga shi. Ya tambaye ni ko kina cin abinci, na ce kina ci. Ya sake tambaya, na ce wai ni ƙarya zan yi maka? Ya ce kada ki kuskura ki ɗaga buhu."

"Shi ke nan?"

"Ya ce in kin warke ki zo da kanki, akwai maganar da ba ta aike ba ce."

Serah ta riƙe wayar a kunne bayan an kashe. Mahaifiyarta ta leƙo daga madafa ta ce kunu ya huce. Ta ce tana zuwa, amma ba ta tashi ba. Tana zaune tana tunanin wace riga za ta sa ranar.