Sharbar Sabo

"Rufe ƙofar," in ji Sabo. "Ka sa sakata."

Isa ya rufe, amma bai sa sakatar ba, don shi mutum ne da in ka ba shi umarni sai ya rage wani abu a ciki. Ya tsaya yana kallon maƙwabcinsa zaune a kujerar roba a tsakiyar kicin. Farar jallabiyar da Sabo ke cikawa bara, yau ta zame masa kamar ta aro. A kan tebur ga babban kwanon gilashi, ruwan tuffa da na farin inabi sun kai rabinsa, yankakken lemo yana yawo a sama. Kwalaben soda huɗu na gefe, ba a buɗe ba.

"Ya Sabo, likita bai ce ka kwanta ba?"

"Likita ba shi da jika. Zauna, Liman."

Isa ba liman ba ne, tsohon direban tasi ne. Sabo ne ya laƙa masa sunan tun suna zaune a unguwar Jarwal, cikin Makka, kafin a rushe gidajensu su dawo Ka'akiyya, su sake zama maƙwabta a bene ɗaya, Sabo a ƙasa, Isa a sama.

Ranar sunan jikan Sabo ce. 'Yarsa tilo, Manar, tana sama a wajen Hajara matar Isa, ita ke kula da jegonta tunda uwarta ta rasu. Dangin mijin za su iso daga unguwar Shisha bayan La'asar. Mijin, Nawaf, ya riga ya jibge katan-katan na lemon gwangwani a bakin matakala, don kowa ya zaci bana Sabo ba zai iya haɗa sharbarsa ba. Ciwon hanta ya cinye shi, asibiti ma sun sallamo shi da jakar magani da kyakkyawar magana, irin sallamar da babba ya san ma'anarta.

Sabo ya ɗebi sharbar da ludayi ya zuba a kofi, ya tura gaban Isa.

"Ɗanɗana."

Isa ya ja kujerarsa baya kamar an tura masa kunama.

Ga yadda abin yake. Sabo ya koyi wannan haɗi ne yana saurayi, a kicin ɗin wani otal a Jidda, wajen wani mai dafa abinci da ya yi yawon duniya. Mutumin ya gaya masa a can ƙasashen da giyar inabi ake yinsa, a nan kuwa ruwan inabi ne zalla, wanda bai kwana ba balle ya juya. Da wannan kwano Sabo ya yi suna. Biki, suna, saukar karatu, in babu sharbarsa sai a ce taron bai cika ba. Shekara talatin da ɗaya da suka wuce ya kawo ta sunan Hisham, ɗan Isa na fari, har da dogayen kofuna masu siririyar ƙafa. Kawun Isa, wanda ya zo Hajji daga Kano, ya ga kofunan, ya ga abu yana kumfa, sai ya miƙe ya karkaɗe rigarsa ya fita, ya je ya ba da labari a gida cewa 'ya'yansu na Makka sun lalace. A cikin zafin kunyar nan Isa ya rantse a gaban mutane cewa abin nan ba zai taɓa shiga bakinsa ba. Ya san sarai babu haram a ciki. Amma ya riga ya faɗa, kuma shi Isa ne.

"Ka san na rantse."

"Na sani, ina wurin. Kawunka ya rasu. Waɗanda suka ji ka duk sun rasu, saura ni, ni ma ga takalmina a hannu."

"Wanda na rantse da sunansa yana nan."

Sabo ya gyaɗa kai, bai yi musu ba. Ya ɗauki kofin ya kurɓa, ya juya shi a baki, ya haɗiye da ƙyar.

"Ka san me na ji? Ƙarfe. Kamar na tsotsi makulli. Wata uku ke nan, tun da suka fara ɗura mini maganin nan. Zuma da gishiri duk ɗaya ne a wajena."

"Manar ta sani?"

"In ta sani za ta san sauran. Bar ta ta yi sunanta."

"To a kira Hajara ta ɗanɗana. Ko Nawaf."

"Na ba Nawaf ɗazu. Ya ce, masha Allah ya ammi, masha Allah baffana. Ko ruwan wanke-wanke na ba shi haka zai ce. Kowa ya shigo ɗakin nan yanzu da murya mai laushi yake shigowa, ka ce jariri ne ni. Kai kaɗai ne, Liman, shekara arba'in ba ka taɓa gaya mini magana mai daɗi ba. Shi ya sa na aika a kira ka."

Isa ya dubi kofin, ya dubi bango. Ya ce, "Ba zan iya ba."

"Halas," in ji Sabo a hankali. "Ba komai. Ba zan ba surukan 'yata abin da ban san ɗanɗanonsa ba. Su sha gwangwaninsu."

Ya dafa tebur ya miƙe. Ya rungumi kwanon da hannu biyu zai kai shi wajen famfo ya zubar. Kwanon da ya saba hawa bene huɗu da shi a cike, yau ko motsi bai yi ba. Ya sake gwadawa, jijiyoyin wuyansa suka fito, ruwan ya ɗan girgiza kawai. Sai ya tsaya a haka, sunkuye, yana numfashi ta baki.

"Taya ni zubarwa," ya ce, bai ɗago ba.

Isa bai san lokacin da hannunsa ya kai ga kofin ba. Ya yi bisimilla da ƙarfi, kamar mai shirin yanka, ya kurɓa. Ya yamutsa fuska.

"Da ɗaci."

Sabo ya ɗago. "Me ka ce?"

"Na ce da ɗaci! Wannan ne abin da mutane ke yi wa layi?"

Sabo ya faɗa kan kujera yana dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya sake komawa dariya. "A ina ka ji shi? A bakin harshe ko can baya?"

"Can baya. Wajen maƙogwaro."

"Ɓawon lemo ne. Hannuna ya yi nauyi, awa guda na yi ina yanka, ya jiƙa ya saki ɗacinsa. Abin nan minti goma ne aikinsa, in ya wuce haka ya ɓaci. Yalla, tsame su duka. Da ludayi, ya shehi, ba da yatsa ba!"

Haka Isa, wanda ko shayi bai taɓa dafa wa kansa ba, ya naɗe hannun riga. Sabo na zaune yana ba da umarni. Ruwan tuffa kashi biyu, na inabi kashi ɗaya. Sabon lemo, a yanka shi siriri har ka hango wuƙa ta cikinsa. Tuffa ja, kada a fere. Na'ana'a kuwa ba a yanka ta, a tafin hannu ake ɗora ta a tafa sau ɗaya.

"Tafawa na ce, Liman, ba mari ba. Me ta yi maka?"

"Yi mini shiru."

"Ɗanɗana."

"Yanzu kuma zaƙi ya yi yawa. Kamar alewar yara."

"Matse rabin lemon tsami. Rabi! Sake."

Isa ya kurɓa. Ya lashi leɓe. Ya sake kurɓa. Sanyin ya bi ta ƙirjinsa, ƙamshin na'ana'a ya fito masa ta hanci. Sabo ya zuba masa ido, bakinsa na motsi kamar shi ne ke sha.

"Yaya?"

"Ba laifi."

"Ba laifi! Ya jama'a, ku ji mini mutum."

Isa ya miƙa kofin. "Ƙara mini. Ai rantsuwar ta riga ta karye."

Sodar ba su zuba ba sai da suka ji ƙarar ƙofofin motoci a ƙasa, don Sabo ya ce kumfarta ba ta jiran kowa. Shi ya riƙe kwalbar, Isa ya riƙe masa gwiwar hannu, suka zuba ta gefen kwano a hankali. Ƙanƙara ta biyo baya. Isa ne ya ɗauki kwanon ya fita da shi. A matakala ya yi karo da Hajara ta sauko karɓar rabon mata. Ta dube shi, ta dubi kwanon, ta dubi ɗan ganyen na'ana'a da ya maƙale masa a gemu.

"Abu Hisham?"

"Matsa mini, da nauyi."

Ta matsa. Shekara talatin da uku na aure sun koya mata ranar da ake tambaya da ranar da ba a yi.

Sabo ya zauna cikin baƙi har aka kira Magariba, da jikan a cinyarsa, Marwan aka sa masa. Wani dattijo daga Shisha ya sha kofi uku ya nemi a faɗa masa sirrin. Sabo ya nuna Isa da haɓa ya ce, "Tambayi mai ɗanɗanona." Katan-katan ɗin Nawaf kuwa ko ledarsu ba a yage ba.

Washegari Sabo bai tashi daga gado ba. Rana ta huɗu, da hantsi, Manar na riƙe da hannunsa, Isa na jiƙa masa leɓe da auduga da ruwan Zamzam yana maimaita masa kalmar shahada, ya bi shi sau biyu, na ukun leɓɓansa kawai suka motsa. Aka yi masa salla a Harami bayan La'asar, aka kai shi maƙabartar Shara'i.

Da aka share makoki, Isa ya je shagon mai shinkafa na bakin titi ya sa aka ƙulla masa leda goma, kowace da rabin kaza. Abin da ke kan wanda ya karya rantsuwa ke nan, ciyar da miskinai goma. Ya ƙi shiga mota. Ya bi layi da ƙafa cikin rana, yana ba masu shara da masu wankin motoci, har saura ɗaya. Ta ƙarshen ya kai wa Kabira, tsohuwar da ke sayar da hatsin tantabaru a inuwar masallacin unguwa, wadda ta zo ta Chadi tun tana budurwa.

"Sadakar Sabo ce, Alhaji? Allah ya jiƙansa."

"Amin. Ba tasa ba ce. Kaffara ce."

Ta ɗago ta dube shi da kyau. "Kai? Da furfurarka ka karya rantsuwa?"

"Na karya."

"To, Allah ya kiyaye gaba."

"Na ma makara wajen karya ta," in ji Isa.

Ba ta gane ba, ba ta kuma tambaya ba. Ƙafafunsa sun gaji, sai ya zauna a kan dakalin, ɗan nesa da ita. Ta kwance ledar, tururi ya tashi. Ta ɗebi shinkafa kaɗan ta watsa a ƙasa kafin ta kai baki, tantabaru suka sauko daga kan waya ɗaya bayan ɗaya, suna tsattsaga a tsakanin takalmansa.