Ramin Mbah Wiryo

"Koma ka faɗa musu," in ji tsohon da ake kira Mbah Wiryo, wato Kaka Wiryo, yana haki a kan tabarmarsa, "ƙasar nan ba gadon uban kowa ba ce."

Pak Harjono, wato Malam Harjono, mai unguwa kuma maƙwabcinsa na jikin bango, ya ce to. Tun safe yake safa da marwa tsakanin ɗakin tsohon da farfajiyar masallaci, har ƙafarsa ta kumbura cikin takalmin ofis.

Maganar ba ta da tsawo. Tsohon yana bakin mutuwa, yana so a binne shi kusa da matarsa a maƙabartar unguwa. Kwamitin maƙabarta ya ce wurin na Musulmi ne. Mbah Wiryo kuwa bai shiga masallaci ba, bai shiga coci ba. Turare yake ƙonawa yadda kakanninsa na tsibirin Jawa suka yi, ya yi shiru yana ganawa da Mahaliccinsa. Yana saurayi ya taɓa tsayawa cikin rana a babban filin birnin Solo ya saurari shugaban ƙasa na farko, tun daga ranar kuma bai bar kowa ya sha shayi lafiya ba.

"Da kunnena na ji, Harjono. Ya ce ƙasar ta kowa ce, kowa ya bauta wa Allah yadda ya gane, gwamnati ba ta tsaya a ƙofar zuciyar mutum tana tambayar takarda ba."

"Mbah, wannan na ƙarshen anya shi ya faɗa?"

"Da ya faɗa, zafin rana ne ya hana shi."

Harjono ya haddace ginshiƙai biyar na aƙidar ƙasa da shugaban nan ya kafa, har gwamnati ta ba shi takardar shaida. Ba a dai koya masa inda ake binne wanda ya ɗauke su da gaske ba.

Da hantsi ya janyo liman, Pak Dasuki, wanda suka yi ƙuruciya tare da tsohon. Liman ya tsuguna, ya kashe tabarsa mai kanumfari a ƙasa.

"Wiryo, taurin kai ne zai kashe ka."

"Huhu ya riga shi."

"Kalmar shahada ce kawai. Faɗi, mu ma mu huta."

"Allah ɗaya ne, Dasuki, wannan na sani tun kana yawo ba wando. Amma ba zan faɗi sauran don neman rami ba. Kai za ka so in faɗa da ƙarya?"

Liman ya dubi fankar da ke juyawa kamar ba ta so. "A'a," ya ce. Ya tashi ya fita.

Bayan azahar kwamiti ya sake zama, aka kawo shayi da soyayyar ayaba. Ana tsaka da gardama Harjono ya hango wata maƙwabciya tana ɗaura jan ƙyallen rasuwa a bakin lungunsu, alamar Mbah Wiryo ya cika. Kowa ya gani. Wani ya ajiye ayabarsa.

"To, yanzu ina za mu kai shi?" in ji Harjono. "Ko mu bar shi a kan tabarma sai kun gama?"

Liman ya gyara hularsa. "Kabarin matarsa a gefe yake, jikin shingen gora. Bayan shingen gonar rogona ce, ba ta kwamiti ba. Rogon ma ba ya yi a wurin."

Shugaban kwamiti ya ce wannan ba ya cikin hurumin kwamiti, fuskarsa cike da farin cikin wanda aka sauke wa kaya.

Masu haƙa suka ce shingen ya tsare musu hannu, suka cire ɓangare guda suka jingina da bishiya. Aka sa tsohon kafin la'asar, aka watsa furanni. Liman ya tsaya nesa kaɗan, hannu a baya, har aka gama.

"Pak, wa zai mayar da shingen?" in ji ɗaya daga masu haƙa.

Harjono ya dubi liman.

"Ni bayana ke ciwo," in ji liman.

Shugaban kwamiti ya ce za a duba a zama na gaba.

Da damina ta kama, Harjono ya bi ta wurin kan hanyarsa ta ofis. Shingen na nan jingine, waken daji ya fara hawansa, wata kaza kuma tana tono tsakanin kaburburan biyu.