Mai Shaidar Minshari

Tela ya riga ya naɗe ƙafar wandonsa har cinya, amma likitar ko kallon gwiwar ba ta yi ba. Baki ta sa ya buɗe, ta leƙa maƙogwaronsa, sannan ta auna kaurin wuyansa da tef irin nasa na shago.

"Baba, kana minshari?"

"'Yata, anya ba wani kike nema ba? Ni ne mai gwiwa. Jibi za a sa mini ta ƙarfe."

"Na sani, ai ni zan sa ka barci a yi aikin. Akwai waɗanda numfashinsu ke ɗaukewa in suna barci. In kana cikinsu, maganin kashe zafin da za mu ba ka bayan aiki yana iya sa ya ɗauke ya ƙi dawowa da wuri."

"To ni da nake barci, ina zan sani?"

"Wa ke kwana kusa da kai?"

Babu kowa. Tun rasuwar matarsa shi kaɗai ne a gidan, yara duk sun kama gabansu.

A bas ya yi ta juya maganar, ta ƙi zama. Mutum ya kai gwiwa asibiti, a ce masa hanci! Da ya isa kasuwa, ya jingina sandarsa a shagon maƙwabcinsa mai gyaran rediyo, ya tambaye shi cikin raɗa ko ya taɓa jin yana minshari.

Mai rediyo ya yi dariya har da hawaye. "Kai, Tela! Me ya sa kake jin 'yan layin nan ke ce maka Janareta?"

"Ba don ba na gajiya da aiki ba ne?"

"Wane aiki? Da rana ta take sai ka kifa kai a kan keken ɗinki. Ka yi ta ruri, can sai ɗif, kamar an ɗauke wuta. Rannan har na miƙe zan kira mutane."

"Shi ne ba ka taɓa gaya mini ba?"

"Na ɗauka ka sani."

Tela ya sa shi rufe shago, suka koma asibiti tare. A gaban likitar, mai rediyo ya lanƙwasa wuya, ya saki baki, ya ja wani mugun gurnani. Sai ya tsaya cak. Shirun ya yi tsawo. Can ya fizgi iska kamar wanda aka tsamo daga rijiya.

Likitar ba ta yi dariya ba. "Za mu ɗaga aikin, Baba. Sai an gwada barcinka tukuna. Wataƙila mu ba ka na'urar da za ta riƙa hura maka iska."

Tela bai ji ƙarshen maganar ba. Ƙafar marigayiya ya tuna, yadda takan zungure shi a gado ta ce, "Malam, juya." Shi a zatonsa ita ce mai mugun kwanciya, har tsokanarta yake yi a gaban yara.

Ya dubi mai rediyo. "Wannan shirun, kullum haka yake daɗewa?"

"Wani lokaci ya fi haka ma."

Tela ya gyaɗa kai a hankali, ya laluba gefen kujera yana neman sandarsa.