Jan Fentin Malam Muntaka

Kurmin Madacin Yamma ba wani ƙaton daji ba ne. Mai saurin ƙafa zai zagaye shi tsakanin azahar da la'asar, har ya tsaya tsintar tsamiya. Amma duk tsakanin Dutse da Buji da wuya ka sami inda marke da ƙirya da ɗorawa suka tsufa wuri ɗaya kamar nan, kuma ko yaron goye ka tambaya ya san wanda ya hana gatari cinye su: Malam Muntaka ne.

Da aka yi jiha, Dutse ta zama babban birni, sai motocin itace suka fara sintiri a ƙauyuka. Masu gidan burodi na nema, masu gini na nema, kafin damina biyu an share dazukan maƙwabta tas. Malam Muntaka, wanda bai daɗe da ajiye aikin hedimasta ba, ya tara mutum shida a zaurensa suka kafa Ƙungiyar Kishin Kurmi. Ba albashi, ba ofis, sai tabarma biyu da littafin rubuta abin da aka tattauna. Aka ba shi shugabancin kwamiti, kuma shekara tara ba wanda ya taɓa cewa a sake zaɓe.

Tsarin aikinsu ba shi da wuya. In an gama kaka, shugaba ya ɗauki gwangwanin jan fenti ya shiga kurmi ya bi bishiyoyi ɗaya bayan ɗaya. Wadda yake shakka, ya ɗan kankare ɓawonta da wuƙa. In ya ga kore a ƙarƙashi, tana da rai, ko da babu ganye ko ɗaya a kanta. In ya ga a bushe, ya shafa mata ja. Waɗanda aka shafa su ake raba wa tsofaffi da matan da mazansu suka rasu, su sa a sare musu. Dokar kuwa ɗaya ce tak: duk wanda ya yi sanadin kayar da ɗanyar bishiya, shekara uku ba zai ɗauki ko tsinke a kurmi ba, in kuma ɗan kwamiti ne, ya sauka. Malam da hannunsa ya rubuta ta, da kyakkyawan rubutunsa na hedimasta, kuma ba ya gajiya da tuna wa mutane ita ko ba a tambaye shi ba.

Abin da bai rubuta a littafi ba shi ne idanunsa sun fara tafiya. Kusan shekara uku ke nan da wani likita a Dutse ya haska masa fitila ya ce ba irin yanar da ake cirewa ba ce, sai dai maganin ɗigawa don a rage mata sauri. Malam ya sa kwalbar a aljihu ya hau mota ya dawo gida, bai faɗa wa kowa ba. Karatu dai a ka yake da shi, mutane kuma da murya yake gane su, kurmi kuwa ya san shi kamar tsakar gidansa. Ya gaya wa kansa cewa ranar da ya sauka, ranar motoci za su dawo. Akwai gaskiya a ciki. Amma akwai kuma girman kai irin na tsofaffin malamai, waɗanda suka fi son su faɗi a rami da a ce musu ga rami nan.

A kakar shekarar da ta biyo bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci, rabon itace ya faɗo kan Iyatu mai daddawa. Mijinta ya rasu shekara huɗu da suka wuce, ya bar ta da tukunya biyu da sana'ar da ta gada. Kalwarta daga ɗorawar kurmi take, wutar da ke dafa kalwar yini guda cur ita ma daga kurmi take. Aka ce mata nata shi ne marken da ke kusa da tsohuwar rijiya. Ta kai mai faskare, ta nuna masa wanda ke da ja, ya yini yana sara. Da marken ya faɗi, sai ga cikinsa ɗanye sharaf. Taku huɗu daga nan kuma ga mataccen marke a tsaye, siriri, ko ɗigon fenti babu a jikinsa.

Kafin magariba magana ta gama gari. Ja dai yana nan a jikin wanda aka kayar, kowa ya gani. To amma Malam ba ya kuskure, shekara tara bai taɓa yi ba. Jan fenti kuwa a kowace kasuwa ana sayarwa, ɗanyen marken kuma ya ninka mataccen kauri. Mutanen da suka shekara suna cin miya da daddawar Iyatu suka haɗa wannan da wancan, suka yanke mata hukunci a bakin rijiya.

Washegari da hantsi Malam ya tafi shi kaɗai. Ya durƙusa ya shafa kututturen, ya ji danshi a tafin hannunsa. Ya tashi ya ƙirga taku huɗu, ya ƙwanƙwasa mataccen, ya ji yana amsawa kamar turmi. Ya tuna ranar sarai. Ya kankare ɓawo, ya kai ido kusa har hancinsa na taɓa itacen, bai ga kore ba, bai ga komai ba, sai ya bi abin da ya tuna. Nan ya tsaya, kunya ta rufe shi ko da yake babu mai ganinsa.

Kwana biyu bai ce uffan ba. A na uku ya bi ta gidan Iyatu, ya yi sallama daga zaure. Warin kalwa ya riga ta fitowa. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe shi.

"Iyatu, na ji abin da ake faɗa," in ji shi.

"Malam, ni dai inda na ga ja, nan na nuna masa. Wallahi ban san kuɗin fenti ba ma." Sannan ta ƙara da cewa, "Amma in ka ce ba kai ka shafa ba, to ba kai ba ne. Ni wace ce da zan ja da kai?"

"In aka hana ki kurmi fa?"

"Sai in kife tukwane in koma wajen 'yata a Taura. Mijinta mutumin kirki ne. Ɗakin ne dai ɗaya."

Ba ta yi kuka ba, ba ta roƙe shi komai ba, har ta ce ya tsaya a ƙullo masa daddawa ya kai gida. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya fito da ƙullin a hannu, yana jin kamar ya sato shi.

Ranar Asabar bayan la'asar kwamiti ya zauna a inda ya saba, gindin babbar tsamiya a bakin kurmi. Maza a tabarma ɗaya, Malama Hassana mataimakiyar shugaba da ɗayar macen kwamitin a tasu can gefe, Iyatu a bayansu ta rufe rabin fuska da mayafi. Mutanen gari kuwa sun cika wurin, har da waɗanda ba su taɓa zuwa dashen bishiya ko sau ɗaya ba. Malam Abdulrauf, malamin gona kuma sakataren ƙungiya, ya karanta abin da ya faru, ya karanta doka, muryarsa na ƙasa-ƙasa kamar mai karanta wasiƙar rasuwa.

Malam ya gyara murya zai yi magana, sai Ardo Bubayero ya riga shi. Ardo shi ne wakilin makiyaya a kwamitin tun ranar farko, abokin gardamar Malam ne na shekara da shekaru, ba a taɓa tashi taro ba su yi sa-in-sa a kan sare wa dabbobi rassan gawo ba.

"Jama'a, a bar baiwar Allahn nan ta koma ga tukunyarta," in ji Ardo. "Laifin nawa ne. Ni zan sauka."

Wurin ya ɗauki guna-guni. Malam ya juya inda muryar ta fito.

"Ardo, kai da ko sunanka ba ka yarda ka rubuta da biro ba, yaushe ka fara shafa fenti? Gwangwanin nan a ƙarƙashin gadona yake kwana." Ya ɗaga murya yadda yake yi a filin makaranta a da. "Ku saurara. Iyatu ba ta shafa komai ba, Ardo ma bai shafa ba. Ni na shafa. Na kankare ɓawon, ban ga abin da ke ƙarƙashi ba, domin ba na gani. Shekara uku ke nan idona na mutuwa, na ɓoye muku. Yanzu haka da nake kallonku, inuwa kawai nake gani. Na ci amanar aikin da kuka ba ni, na kuma yi kwana biyu ina jin ana ɓata sunan matar nan ban buɗe baki ba. Iyatu, ki yafe mini."

Ya jira salati, ya jira a ce kai, ashe! Daga mutanen gari ya samu. Daga tabarmar kwamiti kuwa ko tari bai ji ba, shirun ya yi tsawo har ya fara ba shi haushi.

"Ba ku ji abin da na ce ba ne?"

Malama Hassana ce ta amsa, a hankali. "Mun ji, Baba Malam. Mun sani ai."

"Kun san me?"

"Tun kakar da ka shafa wa ƙiryar bakin kwari ja alhali tana da rai," in ji Ardo. "Malam Abdulrauf ya gani, ya kira mu. Tun daga nan, duk ranar da ka shiga da gwangwani, washegari ɗayanmu ya bi sawunka. In ka shafa daidai, mu bari. In ka kuskure, mu kankare, mu shafa wa wadda ka nufa. Muna da namu gwangwanin, a gidan Malama yake. Wancan makon ni ke da bin sawu, sai saniyata ta sami matsalar haihuwa, na ce gobe, gobe ta zama jibi. Shi ya sa na ce laifina ne, kuma ban yi ƙarya ba."

Malam ya juya wajen sakatare. Sannan ya ce, "Guda nawa?"

Malam Abdulrauf ya yi kamar bai ji ba. Sai da aka sake tambaya ya ce, "Goma sha ɗaya, ranka ya daɗe."

Goma sha ɗaya. Shi da yake tafe da ƙirji a buɗe yana cewa ba don shi ba da kurmi ya zama fili, ashe mutum shida ne ke bin bayansa suna gyara ɓarnarsa, suna kuma gaishe shi da aiki. Ransa ya ɓaci, ya buɗe baki zai yi faɗa irin na hedimasta, sai faɗan ya ƙi fitowa. Abin da ya fito ƙaramar murya ce da shi kansa bai san yana da ita ba.

"Me ya hana ku faɗa mini?"

"Da mun faɗa, da ka shige ɗaka ka rufe ƙofa, mun san halinka," in ji Ardo. "Mu kuma ba mu saba shiga kurmin nan babu kai a gaba ba. Ba dabara ce mai kyau ba, ga shi ta kusa korar Iyatu daga garinta. Amma ita muka iya."

Malam ya sa hannun riga ya goge fuska, bai damu da wanda ya gani ba. Aka so a ce doka ba ta hau kansa ba tunda larura ce, ya ce shi ya rubuta ta kuma bai sa larura a ciki ba. Ya sa Malam Abdulrauf ya rubuta cewa ya sauka, Malama Hassana ta riƙe kwamiti zuwa ranar zaɓe. Ya sa aka rubuta cewa Iyatu ba ta da laifi, kuma mataccen marken nata ne. Da Ardo ya ce a rubuta shi ma ya sauka, Malam ya ce, "Kai zauna. In ka tafi, wa zai riƙa yi wa Malama gardama?" Aka yi dariya, Iyatu ma ta yi, tana share ido da bakin mayafi. Malama Hassana ta rufe taro da addu'a.

Mutane suka watse. Malam ya miƙe ya laluba takalmansa da ƙafa, ya tsaya. Rana ta yi ƙasa, lokacin da ganinsa ya fi raguwa ke nan. Ya ji motsin Ardo a gefe yana naɗe tabarma, yana jan aikin da gangan.

"Ardo."

"Na'am, Malam."

"Zo ka kama hannuna." Kalmomin sun yi masa nauyi, amma da suka fita sai ya ji kamar ya sauke dami. "Akwai wani rami nan gaba kafin gonar Idirisu. Kullum sai na ratse ta cikin ƙaya nake wuce shi, duk ya ƙare mini bakin wando."

Ardo ya ajiye tabarmar, ya sa busasshen hannunsa cikin na Malam ya riƙe sosai. Suka yi taku kaɗan kafin Ardo ya yi magana.

"Mun cike shi tun bara, Malam. Kai kaɗai ka rage kana kewaye shi."