Ramuwar Atiku Mai Jirgi

Likita ya kwance abin awon jini daga hannun Atiku, ya rubuta wasu haruffa a kati, ya ja layi a ƙarƙashinsu. Atiku na kwance ana ƙara masa ruwa. Da misalin ƙarfe takwas na safe ya kife a kan injin jirginsa, minti ashirin da tashi daga Wara, ɗauke da fasinja arba'in da ɗaya, buhunan shinkafa da babura biyu. Jirgin ya yi ta kewaya wuri ɗaya a tsakiyar tafki har wani mai gwanjo ya gano inda ake kashe injin. Ba wanda ya mutu. Akuya ɗaya ta faɗa ruwa, an tsamo ta.

"Kwana goma da suka wuce jininka sama yake," in ji Likita. "Yau da ƙyar na same shi. Ina zargin zuciya. Zan tura ka Birnin Kebbi a yi gwaji."

Shu'aibu, shugaban ƙungiyar masu jiragen ruwa, yana tsaye a ƙarshen gadon. Shi ya kawo Atiku, shi kuma ya sa aka cire injin aka kulle a ofishin ƙungiya.

"Atiku, ka san doka," ya ce. "Wanda duk ya faɗi bisa ruwa, ba shi sake ɗaukar fasinja sai da takardar likita. In zuciya ce kuwa, ko da takarda."

"Shekara ashirin da shida, Ciyaman. Ko hula ban taɓa yarwa cikin ruwan nan ba."

"Yau ka yar da akuya."

Ana cikin haka Zipora ta shigo daga ɗakin magani, da katin Atiku na farko a hannu. Shekararta goma sha shida a bakin taga tana mayar da haruffan likitoci zuwa maganar mutane. 'Yar fasto ce daga ƙauyukan kan tudu, amma tun a shekararta ta farko ta lura masunta ba sa duba agogo, ladan suke saurare. Saboda haka b.d., sau biyu a rana, ya zama Asuba da Magariba. T.d.s., sau uku, ya zama Asuba, Azahar da Isha'i. Nocte ya zama bayan Isha'i, p.r.n. kuma "in ya dame ka". Ba a taɓa kawo mata ƙorafi ba.

"Baba, ina maganin da na ba ka?"

Atiku ya nuna aljihun rigarsa. Ta zazzage ambulan a faranti, ta ƙirga da bakin cokali. Katin ya ce t.d.s. na mako biyu, ƙwaya arba'in da biyu ke nan.

"Sha huɗu ya kamata su rage," ta ce. "Sha huɗu ne, Likita. Bai tsallake ba, bai ƙara ba."

"To ba daga magani ba ne," in ji Likita, ya jawo takardar tura mara lafiya.

"Ni na ce gajiya ce," in ji Atiku. "Kwana biyu ina Yelwa wajen mai gyaran inji, bisa benci nake kwana. Daren jiya na dawo."

Zipora ta mayar da ƙwayoyin cikin ambulan. "Ka kyauta da ka tafi da maganin."

"Ai ban tafi da shi ba, 'yar nan. Cikin wata riga na mance shi."

Ta tsaya. Likita ma ya ɗaga biro daga takarda.

"To yaya aka yi lissafin ya cika?"

"Na rama."

"Ka rama me?"

"Wanda ya wuce ni. Ke kika ce Asuba, Azahar, Isha'i. Abin da ke da lokaci, in ya kuɓuce wa mutum ai ramawa ake yi. Da na idar da sallah yau sai na zauna, na fara daga Asubar Talata, na bi su a jere har Isha'in Laraba. Shida ke nan. Sannan na sha na yau."

"Bakwai," in ji Likita.

"Bakwai. Da ruwa kowanne."

"Kafin ka ci abinci?"

"Jirgi ya cika, Likita."

Shu'aibu ya juya ya fuskanci bango. Kafaɗunsa na motsi.

Likita ya sake auna jinin, ya saurari ƙirjin Atiku na tsawon lokaci, ya yaga takardar Birnin Kebbi. Ya ce a bar maganin yau da gobe, a kwana a asibiti, in jini ya daidaita ba abin da zai hana shi aiki.

"Baba, wannan dole ne, amma ba a rama shi," in ji Zipora. "In ya wuce, ya wuce."

Atiku ya yi nazari. "Kamar Juma'a ke nan."

"Haka ne?" ta tambayi Shu'aibu.

"Kusan haka."

Ta rubuta "Juma'a" a bayan hannunta.

Likita ya cika takardar shaida, layi uku, rabinsu haruffa da ɗigo. Shu'aibu ya karɓa, ya duba, ya juya ta sama da ƙasa, ya mayar.

"Wanga ba shi yi, Likita. Mutum arba'in da ɗaya suka ga faɗuwarshi, yanzu gari duk ya ji. In ban tara direbobi bakin ruwa na karanta musu dalili da Hausa ba, ba mai yarda, ba kuma mai shiga jirginshi."

"Sirrin mara lafiya ne," in ji Likita. "Sai in shi ya yarda."

Atiku ya san bakin ruwan Wara. Akwai direban da ya taɓa tashi ba tare da ya kwance igiyar jirgi ba, shekara goma sha tara ke nan, jikokinsa ma da sunan tsokanar da aka laƙa masa ake kiransu.

"Ana iya cewa kuskure ne daga ɗakin magani," in ji Zipora. "Ni ban faɗa maka ba a ramawa ba."

"Sai su daina karɓar magani hannunki, su koma wajen mai talla a kasuwa." Atiku ya gyara kwanciya. "Ɗauko biro, 'yar nan. Rubuta yadda aka yi. Manyan baƙi, Ciyaman ba shi gani sosai."

Ta rubuta, Likita ya sa hannu ya buga hatimi. Shu'aibu ya karanta a hankali yana motsa leɓe, ya ninke takardar huɗu ya sa a hula. A bakin ƙofa ya juyo.

"Allah shi ƙara sauƙi, Na-Bakwai."

Atiku ya dubi rufin ɗakin.

"Amin," ya ce. "Ranar Asabar, layina na farko ne ko na biyu?"