Fuskar Gida a Kan Allo

Salihu magini ne ɗan magini, mutumin Goron Dutse, amma ba da jera tubali aka san shi ba. In an gama gini an yi yaɓe, shi ake kira ya hau tsani ya yi wa gida fuska. Dagi, takobi, sarƙa, wani lokaci har keke ko agogo in maigidan mai son zamani ne, duk da yatsa da ɗan cokali yake fitar da su tun ƙasar tana ɗanya. A shekarar 1954, bayan ɗaukewar ruwa, yana aikin soron wani attajiri a Ƙofar Nassarawa sai azarar da ya taka ta karye. Ya faɗo ta baya a kan tarin tubali.

Maɗori ya ɗora ƙafar da ta karye, ta kuwa kama. Bayan ne ya ƙi. Daga ƙugu zuwa ƙasa sai jikin ya zama kamar na aro, ko tsinke aka soka masa ba ya ji, ga wani ciwo a gadon baya da ke tashi da an ɗan motsa shi. Aka gyara masa ƙaramin ɗakin da ke bayan zaure don masu dubiya su riƙa shigowa ba sai sun ratsa cikin gida ba. Ɗakin ba taga, sai ƙofa ɗaya da ke kallon katanga. Watan farko zaure ba ya rabuwa da takalma. Kafin sanyi ya fita, sai a yi kwana uku ba wanda ya yi sallama.

Matarsa Luba ita ke juya shi, ita ke kawo masa ruwan alwala da kasko. Tana kaɗi, tana karɓar dakau, da haka ake ɗora tukunya. Shi kuwa yana kwance yana kallon rufin ɗakin da ya gina da hannunsa, har ya san kowace azara da inda gara ta fara ci.

Wata rana da hantsi ya ji ƙarar fashewar abu a tsakar gida, sai Luba ta yi salati. Farantin tangaran ne na kayan aurenta, fari mai shuɗin fure, ya suɓuce mata.

"Kada ki zubar," ya ɗaga murya. "Kawo mini gutsattsarin."

"Malam, me za ka yi da fasasshen faranti?"

"Ke dai kawo. Ki haɗo da murfin akwatin nan na bayan ƙofa, da ɗan jan ƙasa a ƙwarya."

Ta jingina shi da bango da matasai biyu, ta ɗora masa katakon a cinya. Ya kwaɓa ƙasar da ƙaro, ya shafe katakon, ya fara dasa tangaran ɗin ɗaya bayan ɗaya. Inda ya ƙare ya cike da murafen kwalba da guntun madubi. Ya nemi ƙyallen baƙin rini ya yi ƙofa, ya sa jar fata daga tsohon takalminsa a madogara. Kafin la'asar ga fuskar gida, da zankayenta biyu, ba ta fi faifai girma ba. Ranar ce ya fara cinye tuwonsa tun da ya faɗo.

Ya yi na biyu, ya yi na uku. Ana nan sai Ɗantani ya zo dubiya. Abokinsa ne tun suna yara, ɗan koli ne da ke shimfiɗa jakunkunan fata da wuƙaƙe a filin jirgin sama, inda Turawa ke sauka su sha iska kafin jirginsu ya wuce. Ya ɗauki allo ɗaya ya juya shi gaba da baya.

"Salihu, ba ni wannan in gwada."

Bayan kwana biyu ya dawo da fara'a, ya ajiye kuɗi a gefen tabarma, da tsire a takarda. "Wata tsohuwar Baturiya ce ta ɗauka, ko ciniki ba ta yi ba. Amma ka ji sharaɗi. Ƙasa da katako sun yi nauyi, su mutanen nan komai sai an auna musu. Ka koma kwali. Kada ya wuce tafin hannu biyu, yadda zai shiga jaka. Kuma ka yi ƙofar gari da dabino a gefe. Abin da suka gani ta tagar mota shi suke so."

Daga nan Ɗantani ya shiga kawo kaya duk Litinin: kwalayen sabulu, yankakkun ƙyallaye daga wajen maɗinka, ɓarɓashin fata daga dukawa, farar takarda mai ƙyalli ta cikin kwalin sigari, har da tsofaffin kan sarki da ya ɓamɓaro daga wasiƙu. Salihu ya yanka jar fata ta zama ganuwa, baƙin ƙyalle ya zama bakin ƙofa, koren kan sarki ya zama ganyen dabino, takarda mai ƙyalli ta zama wata. Kwalayen suka karɓu. Luba ta daina dakau, hannunta ya huce, nama ya dawo cikin miya.

Sai dai ƙofar guda ce, dabinon guda ne. Goma a mako, daga baya goma sha biyar. Hannunsa ya haddace aikin har yana iya yanka ganuwar idonsa na kan rufi. In ya karkatar da dabinon hagu maimakon dama, Ɗantani sai ya ware shi gefe.

"Irin na jiya nake so. Wanda ya saya ya nuna wa ɗan'uwansa a jirgi, shi ma irinsa zai nema."

"Ɗantani, ni fa ban taɓa yi wa gida biyu fuska iri ɗaya ba."

"To ai wannan ba gida ba ne. Abinci ne."

Salihu ya san gaskiya ne. Shi ba ya iya kai kansa ko bakin zaure, balle filin jirgi, kuma bai san wani mai saye ba. Ya taɓa ce wa Luba zai bar aikin. Ba ta yi masa musu ba, sai ta ce to, ta fita, ya ji ta tana jawo turmi daga inda ta kife shi. Washegari ya nemi almakashi.

A tsakanin kwalayen Ɗantani ya riƙa satar lokaci yana wani allo na kansa, babba, a kan katako. Fuskar gida ce da ta daɗe a ransa, wadda bai samu mai gidan da zai yarda da ita ba. Sarƙa ta taso daga ƙasa ta gefe biyu, ta nannaɗe ƙofa, ta haɗu a sama ta zama dagi uku masu shiga cikin juna, da gutsattsarin koren kwalba a kowace mahaɗa. Wata biyu ya yi a kansa. Ɗantani ya duba ya ce ya yi kyau, amma ya cika hayaniya, kuma ba jakar da zai shiga.

Isiyaku ne ya tsaya a kansa. Tare suka yi aiki da Salihu shekara tara, shi ne ma ya riƙe masa kai ranar da ya faɗo. Ya zo gaisuwar Sallah, ya ga allon jingine da bango, ya tsuguna a gabansa har Luba ta kawo fura bai lura ba. Ya roƙi a ba shi aro. Bayan mako guda ya dawo.

"Akwai wani Alhaji mai fataucin goro da muke yi wa gini a Ƙofar Ruwa. Ya gani, ya ce shi wannan yake so a gaban gidansa. Ni kuma ka san hannuna, zan iya yaɓawa, amma mahaɗar nan ta sama sai kana wurin. Na yi magana da mai amalanke. Mu shimfiɗa maka katifa, ka zauna a inuwa kana nuna mini da sanda."

Kwana huɗu Salihu bai taɓa kwali ba. Ya sa aka kira wanzami. Luba ta wanke masa farar riga ta kai bugu. Ranar Asabar da sassafe Isiyaku ya zo da magina uku, suka ɗauko shi a kan tabarma, kowa ya kama kusurwa, suka bi lungu da shi a karkace don ƙunci. Da suka fito fili ya ga dutsen unguwarsu, ya ga shirwa tana shawagi a kansa, ya ga sama ba katangar da ta yanke ta. Hasken ya sa idonsa ruwa. Mutanen unguwa suka taso suna yi masa barka.

Aka kwantar da shi a amalanke, aka tura. Hanyar duk zaizayar damina ce. Ramin farko ya cije leɓe. Na biyu ya riƙe gefen katako har farcensa ya karye. Wajen wata rijiya, ko rabin tafiyar ba a yi ba, ƙafar amalanken ta faɗa kwazazzabo, sai ya yi wata ƙara da shi kansa bai san tana cikinsa ba. Rigar ta jiƙe sharkaf da gumi, ya fara amai.

"Ku ci gaba," ya ce da ya samu numfashi.

Suka ƙara taku kamar ashirin, sai ya suma. Da ya farfaɗo azarar ɗakinsa ya gani, da Luba tana yi masa fifita, Isiyaku na tsaye a bakin ƙofa da hula a hannu.

"Ka yafe mini, Salihu."

"Ba laifinka. Tafi da allon. Ka fara daga ƙasa, kada ka bari yaɓen ya bushe kafin ka kai mahaɗa."

Ya yi kwana goma sha biyu ba ya iya ko jingina. Ɗantani ya zo sau biyu ya koma hannu wofi, bai yi faɗa ba, amma ya bar kwalayen a inda Salihu zai riƙa ganinsu.

Da aka gama gidan, Luba ta samu dalilin zuwa Ƙofar Ruwa, barkar haihuwa a gidan 'yar ƙanwar babarta. Ta dawo gab da magariba, ko mayafi ba ta cire ba ya kira ta.

"Kin gani?"

"Na gani, Malam. Mutane har tsayawa suke yi. Wani mai keke sai da ya sauka."

"Dagin na sama, uku ne?"

"Biyu na gani. Amma manya ne."

"Koren kwalbar fa?"

"Fenti suka sa. Kore da rawaya."

"Rawaya," ya ce. Ya daɗe yana kallon hannunsa. "Sarƙar ta hagu, ta bi ta saman ƙofa ko ta ƙarƙashin indararo?"

"Wallahi ban lura ba. Muna tare da mata, ban iya tsayawa sosai ba."

Ya sa ta sake faɗa masa tun daga farko, ta faɗa, ta ƙara da cewa ta ji ana kiransa gidan zanen Isiyaku. Bai ji haushin Isiyaku ba, don da aka zo biyan aiki har ɗaki ya kawo masa rabonsa, ya kuma faɗa masa da bakinsa cewa dagi na uku ya gagare shi, sau biyu yana rushewa.

Daga baya wasu masu gini suka riƙa aiko Isiyaku neman allo. Salihu ya yi wa gidaje shida fuska a cikin shekara huɗu, daga kan gadonsa, a ranakun da ya gama kwalayen Ɗantani da wuri. Ya koyi rage mahaɗa yadda hannun wani zai iya. Ba a sake maganar amalanke ba. In an gama gida, Isiyaku yakan zo ya zauna a bakin ƙofa ya zana masa yadda ya fito da tsinke a ƙasa, Salihu ya leƙo daga gado iya inda wuyansa ya kai, ya ce a matso da zanen kusa.