Mai Ƙosan Filin Lilo

Hajara tana tsame ƙosai daga mai lokacin da wani baƙo ya tsaya gaban kaskonta, ya saki baki yana kallon lilon katako da ke juyawa da yara. Rana ta biyu ce ta Ƙaramar Salla, filin wasan unguwar Jarwal da ke Makka ya cika maƙil. Masu balila, dafaffen waken nan na Larabawa, suna ta kiran ciniki, ga jakuna an rina musu ƙafafu da lalle ana zagayawa da yara a kansu, can ƙarshen fili kuma samari sun kewaye ganguna suna rawar sandar nan da mutanen Makka ke kira mizmar.

Ya yi mata sallama da Hausa tsantsa, babu ko ɗigon Larabci, nan ta gane sabon zuwa ne. Ya ce sunansa Lurwanu, watansa bakwai a hanya, ya iso da wuri zai jira aikin Hajji. Ta zuba masa ƙosai, ta shiga ba shi labarin filin kamar yadda take ba kowane baƙo. Shekarar da ta iso, shekara goma sha tara ke nan, a nan ake tsugunar da raƙuma. Wani kafinta Bakatsine mai suna Tsoho ne ya fara kafa lilo guda da katakon rusasshen gida, ita kuma ta kawo kasko saboda iyayen da ke jira a rana. Yanzu lilo takwas ne, har 'ya'yan attajiran Larabawa ake kawowa.

Ta tambaye shi garinsu. Ya ce Ringim.

Hajara ta ajiye matsamin a hankali. Ta tambaye shi ko ya san wani Wada marini, kamar dai tambayar fatar baki. Ya ce ai katanga ɗaya ce tsakaninsu, yana nan da rai, idon ne dai ya yi rauni. Ta ce da yarinyar da ya riƙa fa?

Lurwanu ya ce Sa'adatu ke nan, 'yar ƙanwar Wada, tana gidan miji da 'ya'ya uku. Tana da shekara biyu uwarta ta bar ta hannun Wada, ta bi mijinta Hajji a ƙafa. Daga baya labari ya zo cewa annoba ta kashe su duka biyun a Sawakin, can bakin Bahar Maliya, aka yi musu sadaka.

Rabin labarin gaskiya ne. A Sawakin Hajara ta binne mijinta, ita kuwa ta tashi. Sau biyu tana ba alhazai masu komawa saƙo, ba ta ji amsa ba. Daga nan ta ɗauka an yi fushi da ita ne, kunya ta rufe mata baki, shekaru suka yi ta wucewa.

"Babbar 'yar Sa'adatu ma sunan marigayiyar ta ci," in ji Lurwanu yana tauna. "Hajara. Uwar ba ta iya faɗin sunan, Inna take ce mata."

Hajara ta zuba wa lilon ido. Sa'adatu ta riga ta yi kukanta ta gama, ta kuma riƙe uwarta da daraja a matsayin wadda ta rasu a hanyar Makka. In ta ji tana raye, abu na farko da za ta tambaya shi ne me ya hana ta dawowa. Hajara ta yanke shawarar ta bar mutumin ya ci ya tafi.

Sai Hauwa mai balila, maƙwabciyarta a layin, ta leƙo. "Ya Hajara, ina hankalinki? Ƙosanki yana ƙonewa."

Lurwanu ya daina tauna. Ya dubi tsagar da ke kumatunta, ya daɗe yana dubawa.

Ta tsame ƙonannun ɗaya bayan ɗaya, ta janye itace daga murhu, ta goge hannu da gefen mayafinta.

"Gama cin abincinka, ɗana," ta ce. "Sannan ka zauna ka faɗa mini sunayen sauran biyun."